Agogon da Ya Dawo Sau Huɗu

Sallama gare ku, ku da kuke karanta ni a waya, wasu a tasha, wasu a bakin murhu. Baiwar Allahn da ta rubuto mini cewa, "Zakiyya, kin cika wanke kanki a labarin nan," ki gyara zama. Yau laifina zan faɗa da bakina.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da shida, ina koyar da lissafi a wata koleji nan Arlit, kuma ni ce autar gidanmu. Babana Malam Halidu mutumin Damagaram ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran ma'aunai a kamfanin ma'adinai, waɗannan masu allura da ke nuna zafi da ƙarfin iska. In ya dawo gida kuma sai ya zauna kan tsofaffin agogunan hannu, irin waɗanda ba su da pil, wato batir, sai an wana su kowace safiya. Ba sana'a ba ce, ko dala bai taɓa karɓa ba. Tun ina ƴar shekara tara nake riƙe masa fitila, har yanar ido ta rufe masa gani, teburin ya dawo hannuna.

Yanzu kuma tafiya ta zo. Za mu koma Damagaram gaba ɗaya, a yi wa Baba aikin ido, Mama kuma ta koma cikin danginta. Ran Asabar ɗin da nake ba ku labari, saura kwana goma sha biyu kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya zo ya kwashi kaya.

Da hantsi ina zaune a teburin, ƙarƙashin tagar ɗakin Baba. Doguwar rigar atamfa ce a jikina, mai ruwan ƙasa da ɗigon shuɗi, na ɗaure kaina tam da ɗankwali don gashi ɗaya in ya faɗa cikin agogo ya isa ya tsayar da shi. Baba yana kishingiɗe a kujerarsa yana jan carbi. A tsakar gida Mama tana naɗe kwanukan tangaran da tsofaffin zannuwa tana jerawa cikin kwali.

"Auta," ta ce. Ba ta kiran sunana, don sunan mahaifiyar Baba na ci. "Wannan tebur naki yaushe za a kwance shi? Ko a kai za ki ɗauke shi har Damagaram?"

"Saura agogo biyu, Mama."

"Kullum saura biyu. Abdulrazak ya ce ya ware miki ɗaki guda a gidan da ya gina, ki zuba tarkacenki. Wane namiji ne zai yi wannan?"

Abdulrazak ɗan Inna Mero ne, yayar Mama. Yana da shagon kayan gini a Damagaram, yana da kirki, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Kowace Juma'a sai ya turo mini hoton fure da addu'a, ni kuma in amsa da "Amin, Yaya." Shekara guda ke nan ba mu wuce nan ba. Ba wanda ya tilasta ni, kada ku ɗauki Mama da wata fuska. Sai dai tana ambaton sunansa kamar gishiri, cikin kowace miya.

Ban kai ga amsawa ba aka yi sallama a ƙofar gida. Matsefatar da ke hannuna ta kusa suɓucewa.

Mama ta ɗago kai. "Mai agogon nan ne kuma?"

Na zura hijabina mai ruwan toka na fita. Hamadi yana tsaye a inuwar zaure, farar shadda da ta sha hanya, baƙin rawani ya rufe rabin fuskarsa. Direban kamiyo ne, yana jigilar kaya tsakanin Agadas, Cirozerin da nan. Buzu ne, Hausarsa mai daɗi, sai dai mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

"Malama, ka yi haƙuri," ya ce, yana miƙo agogon cikin hankici. "Ya sake gudu. Jiya sai da na yi azahar rana ba ta karkata ba."

"Minti nawa a yini?"

"Ashirin da biyar. Wani lokaci talatin."

Ya ajiye ƙullin dabino da cuku biyu a kan dakali, ya ce na Baba ne. Na ce ya bar agogon kwana biyu. Ya ce to. Muka tsaya haka, shi yana kallon takalminsa, ni ina kallon hankicin, har wani mai amalanken ruwa ya zo wucewa, sannan ya yi sallama ya tafi wajen lodi.

Bari in koma da ku baya kaɗan, don ku gane girman abin da na aikata.

Wata uku da suka wuce Hamadi ya fara kawo agogon nan. Na mahaifinsa ne, marigayi, wanda shi ma ya yi aiki a ma'adinai. Shekara goma sha ɗaya yana kwance cikin jakar fata bai motsa ba. Da na buɗe bayansa na tarar mai ya bushe ya zama kamar ƙaro, ga rairayi ya shiga tsakanin haƙora. Sati biyu na yi a kansa. Na kwance shi ɗaya bayan ɗaya, na wanke kowane ƙarfe da isansi mai tsabta, wato fetur, na ɗiga sabon mai da bakin allura a kan ƴan jajayen duwatsun da ƙarafan ke juyawa a kai. Ranar da ya tashi, Hamadi ya kara shi a kunne ya daɗe yana saurare. Daga baya ya ce, "Haka yake yi a hannun Abba in ya ɗauke ni." Ya ja rawaninsa sama har gindin ido. Ni dai tun daga ranar ban sake zama daidai ba.

Bayan kwana goma ya dawo da shi, wai yana gudu.

A cikin irin agogon nan akwai wata ƴar ƙafa mai kai da kawo, ita ce ke ƙidaya lokaci. A tsakiyarta akwai waya siririya, ta fi gashin jariri laushi, a naɗe kamar gammo. Gashin agogo muke ce mata. In naɗin ya manne da juna, ƙafar sai ta riƙa sauri, agogo ya yi ta gaba. Na sa gilashin ƙara girma a ido na duba, lallai ya manne. Na ɗauka laifina ne, mai ya zuba a kai. Na wanke, na busar, na mayar. Ya sake mannewa. Na sake wankewa. Kwana biyu ina wannan, har na fara jin kunyar Baba.

Rana ta uku na kai matsefata kusa da wata ƴar ƙusa, sai ta yi tsalle ta liƙe mata. Na ɗauko busol ɗin Baba, ƴar allurar nan mai nuna arewa, na matso da agogon. Allura ta bar arewa ta bi shi. Maganaɗisu ne ya kama shi. Maganinsa kuwa ba wuya. Akwai wani akwatin katako da Baba ya haɗa da hannunsa, da naɗin wayar tagulla a ciki da rami a tsakiya. Mai-gurnani muke kiransa, saboda ƙarar da yake yi in an sa shi a kuran, wato wutar lantarki. Ka zura agogo a ramin, ka danna, ka janye shi a hankali har tsawon hannu. Minti ɗaya bai cika ba, an gama.

Saura sanin inda yake kwaso ciwon. Na rubuta wa Hamadi: "In ka cire agogon, ina kake ajiye shi?"

Ya turo hoton cikin motarsa. Ga carbi a rataye, ga butar shayi a ɗaure da waya, ga agogon kwance a kan wata ƴar lasifika da yake jin karatu da ita a hanya. Kowace lasifika kuwa da maganaɗisu a cikinta, ɗalibaina ƴan aji ɗaya ma sun sani.

Na rubuta: "Daina ɗora shi a kan lasifikar." Na zauna ina kallon kalmomin. In na tura, agogo ya warke har abada. In ya warke, me zai sake kawo direban Agadas ƙofar gidan Malam Halidu?

Na goge. Na rubuta: "Motarka tana da tsabta, ma sha Allah."

Kun ji. Tun daga nan duk kwana goma ko sha biyu sai ya dawo, in ce ya bari kwana biyu, in yi aikin minti ɗaya, sauran lokacin in yi ta wana shi ina saurare. Zuwan kawowa daban, zuwan karɓa daban. Tsakani kuma saƙonni. Ya turo hoton rana tana fitowa bayan duwatsu, in tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ba ni labarin ƙanwarsa da ke son zama ungozoma, in ba shi labarin ɗalibar da ta ce sifili ba lamba ba ce, rami ne. Kalmar so ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Agogo dai, agogo.

To, ran Asabar ɗin na koma ɗaki, na jona Mai-gurnani, na zura agogon na janye. Busol ta tsaya cak a arewa. Ina naɗe wayar kuran sai Baba ya ce, "Uwata, miƙo mini shi."

Na sa masa a tafin hannu. Ya kara a kunnen dama, ya juya shi rigingine, ya kife shi, ya sake saurare. Idanunsa farare suna kallon rufin ɗaki.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Bugunsa daidai, ba ɗingishi. Wannan na yaron nan ne mai kawo cuku?"

"Shi ne, Baba."

"Sau huɗu ke nan ina jin gurnanin akwatin nan, kuma duk a kan bugu ɗaya." Ya shafa gilashin da babban yatsa. "Ido ne ya tafi, Uwata, kunne yana nan. Agogo ba ya kamuwa da maganaɗisu don kansa. Kin tambaye shi inda yake ajiyewa?"

A waje ƙarar kwanukan Mama ta tsaya.

"Na tambaya."

"Ya faɗa miki?"

"Ya faɗa. A kan lasifikar motarsa yake ɗora shi."

"Ke kuma kin faɗa masa?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa gefen kujerarsa, na kama bakin ɗankwalina ina murzawa. "A'a, Baba."

Na jira faɗa. Baba bai iya faɗa ba, amma yana da wani shiru da ya fi bulala. Wannan karon sai na ji ya yi ƴar dariya ta hanci.

"Abu biyu ne a nan, kada mu haɗa su," ya ce. "Na farko, mutum ya ba ki amanar kayan ubansa. Kin san ciwon, kin ɓoye maganin. Har salla ya yi kafin lokaci saboda ke. Wannan ba aikin teburina ba ne, kuma yau za ki gyara shi, ba gobe ba."

"To, Baba."

"Na biyu." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Na biyun ba laifi ba ne. Amma ɗiyar Halidu ba ta buƙatar lalata agogo don a zo ƙofar gidansu. Kina son sa?"

Ku gaya mini, wace ɗiya ce ke amsa wannan a gaban ubanta? Na sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunsa, ya ji, bai janye ba.

"Baba, wa zai riƙa ɗiga maka magani a ido? Wa zai karanta maka takardun likita? Shi nan arewa rayuwarsa take."

"Yayyenki huɗu suna Damagaram, duk sun yi lakwal, sun iya karatun boko. Kada ki mai da ni lasifika ki ɗora agogonki a kaina." Ya ɗaura agogon a hannunsa na hagu, yana laluben ramin maɗaurin. "Ki ce masa kayansa yana wurina. In agogo kawai yake so, ya zo jibi in ba shi, mu yi musabaha. In da wata magana, kada ya zo shi kaɗai, ya zo da babbansa."

Sai bayan la'asar na iya ɗaukar waya. Na zauna a bakin gado tsakanin akwatuna, na rubuta na goge ya fi sau goma. Ga abin da na tura a ƙarshe:

"Hamadi, ina da laifi a wurinka. Lasifikar motarka ce ke sa agogon gudu, akwai maganaɗisu a cikinta. Na sani tun ranar da ka turo hoton, ban faɗa maka ba. Ka yafe mini sallar da ka yi kafin lokaci."

Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na kife wayar a kan katifa, na tashi na ninke zannuwan da na riga na ninke. Da na dawo, saƙon murya ne, daƙiƙa goma sha tara. Na rage ƙara na kara a kunne. Ana jin hayaniyar masu lodi a bayansa.

"Malama, ni ma ina da laifi. Tun zuwa na biyu wani mai gyaran radiyo a Cirozerin ya gaya mini. Ya ce cire shi daga nan. Ban cire ba. Kullum in na tashi mota ni nake ɗora shi da hannuna. Sallar kuma na rama. Da rana nake duba lokaci, ba da shi ba. Jiya ne kawai na manta."

Na zauna a ƙasa na toshe bakina da hijabi, ina dariya ina kuka. Kusan wata biyu, mutum biyu masu hankali, kowa yana zaton shi kaɗai ne ɓarawo.

Na rubuta masa saƙon Baba, kalma da kalma, ban ƙara ban rage ba. Wannan karon bai ɗauki lokaci ba.

"Kawuna Ghissa yana Dannat wajen raƙuma. Gobe in sauke kaya in tafi neman shi. Alhamis bayan la'asar muna ƙofar gida, in sha Allah. Ka gaya wa Baba."

Na fito tsakar gida wayar tana hannuna. Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta kai bakin randa. Mama tana zaune a kan ƴar kujera, ta gama kwalin tangaran ta fara na tukwane. Ba ta dube ni ba.

"Zauna, Auta."

Na zauna a tabarma kusa da ƙafarta.

"Na ji ku da Malam, ɗakin ba ƙofa gare shi ba." Ta ɗauki murfin tukunya ta goge da gefen zane, ta daɗe tana gogewa. "Kina zaton ƙin yaron nake yi? Ban san shi da komai ba sai alheri. Mutumin da ke cire takalmi tun daga zaure ba a ƙin sa. Amma ni aka kawo garin nan ina ƴar sha tara. Ku biyar na haifa a nan, ba uwa kusa, ba ƴar'uwa, maƙwabta ne suka yi mini wankan jego. Ranar da aka bugo waya Innata ba lafiya, kwana biyu na yi a hanya. Na tarar an share makoki ana wanke kwanuka." Ta ajiye murfin. "Shi ne ba na so miki. Ba ɗakin Abdulrazak ba ne ya dame ni. Ina so in kin yi tari in ji."

Ban taɓa jin Mama ta yi magana mai tsawon haka ba. Na dafa gwiwarta, ta bar hannuna a wurin.

"Yaushe za su zo?" ta ce.

"Alhamis, bayan la'asar."

Sai ta juyo ta dube ni sosai, karo na farko a yinin.

"Ikon Allah," ta ce. "Ɗazu da azahar Yaya Mero ta kira. Ta yanki tikiti, wai za ta zo taya ni ɗaure kaya. Ita da Abdulrazak. Alhamis da rana motarsu za ta sauka, kuma na san Yaya, ba don tukwane za ta yi wannan doguwar hanya ba."

Daga cikin ɗaki Baba ya yi gyaran murya, amma bai sa baki ba.

"Mama, me zan yi?"

Ta jawo wani kwalin da ta riga ta ɗaure, ta kwance igiyar, ta fara fiddo kofunan baƙi ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan faranti.

"Tabarma biyu za ki shimfiɗa a zaure," ta ce. "Ni zan dama fura, Malam zai karɓi gaisuwa. Amma ba ni zan ɗauki farantin nan ba, ba kuma shi ba. Ke za ki ɗauka, a gaban yayata, ki ajiye a gaban wanda kika zaɓa. In kin ajiye, ko zuciyata ta tsage, ni zan fara cewa amin."

Ta miƙo mini tsumma.

"Goge su. Kwana biyar gare ki."